Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Riƙe Da Harkar Al'adu Da Matasa A Jihar Katsina: An Kalli Fim Ɗinmu A Abuja, A Gida Mun Rasa Bangon Da Za Mu Haska Shi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa ta ban girma da fatan kuna lafiya, da addu'ar Allah ya dawo mana da cikakken zaman lafiya a jiharmu. Na rubuto wannan wasiƙa ne da yawun mu biyar, matasa 'yan jihar nan da muka fara taɓa sana'ar shirya fim: uku daga cikin birnin Katsina, ɗaya daga Daura, sai ƙanwarmu 'yar Dutsin-ma wadda ita ta tsara rubutun aikin. Ba mu da ofis, ba mu da ƙungiya mai rajista, ba mu da wani babba da ya tsaya mana. Akwai irinmu a Funtuwa da Malumfashi da Kankiya masu koyon aikin da waya da kwamfutar aro, kuma duk abin da zan faɗa a nan ya shafe su kamar yadda ya shafe mu.

Ba don son tallata kai muka fito fili ba. Sau biyu muna kai takarda wani ofis kafin tafiyarmu Abuja. An karɓa, an buga hatimi a kan kwafinmu, an ce mu saurari kira. Har muka je muka dawo wayar ba ta yi ƙara ba.

Kwanan baya muka dawo daga wani bikin baje kolin finafinai masu zaman kansu a Abuja, inda aka zaɓi ɗan gajeren fim ɗinmu na minti 18. Babu rawa a cikinsa, babu waƙa, babu soyayya. Wani dattijon magini muka bi tsawon rani guda, daga cikin tsirarun da suka rage masu ginin ƙasa irin na da. Mun ɗauke shi yana kwaɓa birji da ciyawa, yana mulmula tubali yana jerawa a rana, yana ɗora azara, yana nuna wa jikansa yadda ake ɗaurin guga har rufin ɗaki ya tsaya ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Akwai inda ya tsaya a gindin Hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, ya shafa bangonta da tafin hannu, ya yi shiru. Ba mu ce masa ya yi hakan ba. Da wannan wuri ya zo a ɗakin kallo, shiru ɗakin ya yi shi ma.

Ranar ce ranar farko da huɗu daga cikinmu suka taɓa zama a ɗakin sinima mai duhu da babban allo, kuma fim ɗin da suka fara gani a ciki namu ne. Bayan an kunna fitilu wata mata daga Inugu ta tambaye mu mece ce makuba, muka yi ta lalube da Turancinmu muna bayanin yadda ake jiƙa ɓawon ɗorawa a shafe bango da ruwansa don kada ruwan sama ya ci shi. Wani malamin zanen gine-gine ya nemi lambarmu, ya ce ɗalibansa na buƙatar su ga wannan. Ba mu ciyo kyauta ba, kada a ce mun ƙara gishiri. Takardar shaidar halarta muka samo, da katunan mutane cike da aljihu.

Sai hanyar dawowa, wadda a kanta ne wannan wasiƙa ta samo asali.

Jirgin ƙasa muka hau daga Idu ta Abuja zuwa Rigasa ta Kaduna, duk da kowa na tune da harin da 'yan bindiga suka kai wa jirgi a wannan layi ranar 28 ga Maris 2022. Daga nan muka tsallaka tashar Kawo. Mota ba ta cika ba sai bayan azahar, taya kuma ta fashe mana a wajen Giwa, don haka ba mu shiga Funtuwa ba sai ana kiran magariba. Direba ya kashe mota ya ce ko nawa za a ba shi ba zai kama hanyar Bakori da Malumfashi da dare ba, babu kuma wanda ya ja da shi. Mu huɗu muka kwana a barandar wani masallaci, mai ɗaukar hotonmu ya yi matashi da jakar kyamara, ya ɗaura igiyarta a wuyan hannunsa, don kyamarar ta haya ce kuma kuɗinta ya fi ƙarfin gidansu. Ƙanwarmu kuwa wata mai tuwo a bakin tasha ce ta dube ta ta ce, "Ke ɗiyata, taso mu tafi gida, ba a barin mace nan." Allah ya saka mata da alheri. Mahaifin yarinyar bai runtsa ba a daren nan, ni ne nake ɗaga wayarsa, kuma ni ne na je na durƙusa a gabansa tun farko na ce zan kula da ita. Da safe da muka wuce Gidan Mutum Ɗaya muka kama hanyar Kankiya da Caranci, mai sautinmu, ɗan Daura, ya yi tambayar da ta rufe mana baki duka: to yanzu in mun isa, a ina Baba magini zai ga kansa?

Wannan shi ne kukanmu na farko, kuma shi ne babba. Mutanen Inugu da Legas sun ga hannun dattijon nan a allon da ya fi ɗaki tsawo. Shi kuwa a waya muka nuna masa, a zaurensa, yana kare hasken rana da hula. Ya kalli kamar minti uku, ya miƙo wayar ya ce, "Ɗiyana, idona ba ya ganin wannan ƙaramin abu. Allah shi yi albarka." Mun nemi ɗakin taro a wurare uku. Na farko kuɗin hayar dare ɗaya ya kusa kai abin da muka kashe a ɗaukar fim ɗin gaba ɗaya, ban da man janareta. Na biyu aka ce ai ɗakin na biki ne da taron siyasa. Na uku mai gadin ma bai bari mun ƙarasa bayani ba, da ya ji kalmar fim sai ya ce a nan ba a yin wasan banza. Gidajen kallon ƙwallo suna nan a kowace unguwa, amma ba wurin da za ka gayyato dattijo mai shekara saba'in da matan gidansa ba ne. Abin da ya rage shi ne mu sa shi a YouTube, washegari masu tura fim a waya su sauke shi su riƙa sayarwa a kasuwa, mu ko sisi. Ƙari a kan haka, bukukuwa da yawa ba sa karɓar fim ɗin da ya riga ya bazu a intanet, don haka sakinsa yanzu rufe wa kanmu ƙofa ne.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne kallon fim a bainar jama'a ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Kakanninmu sun san majigi. Tun zamanin Turawa mota kan zo da almuru, a kafa farin ƙyalle a fili ko a ƙofar fada, a haska wa jama'a yadda ake noman auduga da gyaɗa da yadda ake tsabtace rijiya, hakimi na zaune, yara na gaba a ƙasa. Gwamnatin wancan lokaci tana da tata manufar, ba ina yabonta ba ne, amma ta gane cewa hoto mai motsi yana isar da abin da shela ba ta isarwa. Yau na'urar majigi ta koma abin da yaro zai rataya a kafaɗa, amma fili ya gagara.

Na biyu, izinin ɗaukar hoto. A iya abin da muka gani, babu wani sanannen tsari da matashi zai bi. Ranar da muka so ɗaukar wani tsohon gini, ofis huɗu muka shiga. Wannan ya ce ba huruminsa ba ne, wancan ya ce oga ya tafi taro, na uku ya faɗi wani kuɗi da baki ba tare da rasit ba, na huɗu ya ce mu rubuto takarda zuwa ga na farko. Kwana tara muka yi a haka, kuma kowace rana kuɗin hayar kyamara na tafiya. Da izinin ya fito, dattijon ya riga ya gama yaɓen da muke son ɗauka, don ƙasar da aka kwaɓa ba ta jiran sa hannun kowa. Wannan ɓangare babu shi a fim ɗin, kuma ba za a sake samunsa ba sai wani ranin, in da rai.

Ba muna cewa a bar kowa ya shiga ko'ina da kyamara ba ne. Rijiyar Kusugu da kaburburan Durɓi Takusheyi da tsohuwar Kwalejin Katsina da ta zama gidan adana kayan tarihi wurare ne masu alfarma, wasu na hannun masarauta, wasu na hannun jiha, wasu na Tarayya. Wannan rarrabuwar ita ce ke wahalar da mu, don ba mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa ba. Mun kuma san halin da ake ciki na tsaro. A wani shinge a hanyarmu ta dawowa, jami'i ya buɗe jakarmu ya ga kyamara da ƙafafunta da makirufo mai gashi, ya sauke mu duka ya ce mu nuna shaidar ko mu su wane ne. Ban ga laifinsa ba. A yankin da ake fama da masu kai wa 'yan bindiga rahoto, dole a tuhumi baƙo mai ɗaukar hoto. Amma me za mu nuna? Katin zaɓe ba ya cewa kai ɗan fim ne. Takardar shaidar bikin ce ta fitar da mu bayan kusan awa ɗaya, fasinjoji na ta harararmu. Takardar da mutanen Abuja suka ba mu ita ta cece mu a cikin jiharmu.

Na uku, kuɗin tafiya da na shiga gasa. A nan zan taƙaita, don ba roƙon kuɗi muka zo yi ba. Yawancin bukukuwan nan ta shafin FilmFreeway ake tura musu fim, da yawansu kuma da dala ake biyan kuɗin shiga. Katin bankinmu ya ƙi, sai da wani ɗan'uwa da ke karatu a waje ya biya mana. Kuɗin mota kuwa kowa ya san inda ya kai tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Ɗayanmu tumakinsa biyu ya sayar. Abin da muka nema a takardun nan biyu da suka yi shiru bai wuce kujeru biyar a motar gwamnati da ke zuwa Abuja ba, da wasiƙar gabatarwa mai hatimi. Ko "ba za mu iya ba" aka rubuto mana da mun gode, da mun san inda muka dosa tun da wuri.

Na huɗu shi ne wanda ya fi yi mana ciwo, don laifin rabinsa namu ne. Mun ga gazawarmu ƙuru-ƙuru a babban allo. Hotonmu bai ji kunya ba, amma sautinmu ya sha ƙasa. Akwai wurin da Baba ke bayanin yadda ake gane ƙasar da za ta yi tubali, iskar hunturu ta cinye rabin maganar, abin da ba mu taɓa lura da shi ba a lasifikar kwamfuta. Fassarar Turancin da muka sa a ƙasan hoto ma ta yi tsawo, kafin mutum ya karanta ta wuce. Wani mai tace fim ɗan Jos ya ja mu gefe bayan an tashi, cikin minti ashirin ya nuna mana abin da da mun sani da ya canza aikin: a matso da makirufo kusa da baki, a ɗauki sautin wurin shi kaɗai na minti ɗaya kafin a tashi, kada fassara ta wuce layi biyu. Minti ashirin. Shi a Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos ya yi karatu, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Yaron da ubansa ke sayar da hatsi a kasuwar Mashi ba zai iya zaman shekaru a Jos ba. Amma muna da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, da jami'ar Tarayya a Dutsin-ma, da gidan talabijin da na rediyo na jiha waɗanda ke da tsofaffin ma'aikatan da suka shekara talatin suna riƙe da kyamara da makirufo. Ilimin na nan a warwatse, mai haɗa shi wuri ɗaya ne babu.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mana a gida kafin a faɗa mana a waje: fim ɓata tarbiyya ne. Ba mu raina wannan damuwa ba. Mun san yadda shirin gina ƙauyen fim a Kofa ta Jihar Kano ya rushe a 2016 bayan malamai da jama'a sun nuna ba su yarda ba, kuma ba irinsa muke nema ba. Mu ma 'ya'yan malamai ne, da allo muka fara. Amma kyamara alƙalami ce, abin da ka rubuta da ita shi ne naka. Duk wanda ke shakka, ya zo ya kalli minti 18 ɗin nan, in ya ga abin da ya saɓa wa addini ko al'ada ya nuna mana, mu cire.

Ku dubi maƙwabta. Kano na da bikin KILAF na finafinan harsunan Afirka, Kaduna na da nata bikin, Abuja na da Zuma da wasunsa. A Wagadugu ta Burkina Faso, ƙasar da ba ta fi mu arziki ba, tun 1969 ake yin bikin finafinan Afirka na FESPACO. A watan Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan Sallar Kano a jerin al'adun duniya da ake taƙama da su, kuma duk mai neman irin wannan matsayi sai ya haɗa takardunsa da hotuna da ɗan gajeren bidiyo. Wane ne a cikinmu zai yarda cewa hawan Katsina ko Sallar Gani ta Daura sun gaza? In ranar ta zo da za a nemi irin wannan ga namu, wa zai ɗauki bidiyon? Haya za a yo daga Legas, a kawo wanda bai san bambancin ɗan lifidi da ɗan sulke ba? Ga shi kuwa a 2023 'yar jihar nan, Hannatu Musa Musawa, aka ba ma'aikatar al'adu da tattalin arzikin fasaha ta Tarayya, a Janairun 2024 kuma aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Ƙofofin da ake jin Hausa a bayansu ke nan, amma matashi shi kaɗai ba ya iya tura su. Jiha ce ke da bakin da za a saurara.

Ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe, kuma mun auna shi daidai da halin da ake ciki, mun san tsaro da asibiti da makaranta suna gaba da mu.

A ware mana dare ɗaya a wata a ɗaya daga cikin ɗakunan taron gwamnati a Katsina, a kuma riƙa zagayawa da shi Daura da Funtuwa, don haska gajerun finafinan 'yan jiha. Ku ba da ɗaki da wuta, mu za mu zo da majigi da lasifika, mu share wurin bayan an tashi. A fara bayan la'asar a gama kafin isha, a ware ɓangaren mata, a kuma sa wanda kuka amince da shi ya duba kowane fim kafin a nuna.

A samar da teburi guda da mai neman izinin ɗaukar hoto zai je, da takarda guda da zai cike, da kuɗi sananne da aka rubuta aka manna a bango, da adadin kwanakin da za a ba shi amsa. In wurin na masarauta ne ko na Tarayya, wannan teburi ya nuna masa hanya da wasiƙa. A haɗa da katin shaida ga masu wannan sana'a, wanda jami'in tsaro a shinge zai iya kiran lambar da ke jikinsa ya tabbatar. Ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN na iya taimakawa wajen tantancewa, amma a bar ƙofa ga sababbi da ba su shiga kowace ƙungiya ba tukuna.

Duk wanda aka zaɓi fim ɗinsa a wani biki kuma ya kawo takardar gayyata, a ba shi kujera a motar jiha da wasiƙar gabatarwa. In mace ce, a ba da kujera biyu don ta tafi da muharraminta. Wannan kaɗai zai sa iyaye da yawa su yarda, don bayan daren Funtuwa ban san da wace fuska zan sake zuwa gaban mahaifin ƙanwarmu ba, alhali ita ce ta fi mu duka basira.

A shirya horo na mako biyu a lokacin hutun makarantu, a kan sauti da tacewa da fassara, a gayyato malamai biyu ko uku daga Jos su haɗu da tsofaffin ma'aikatan gidan talabijin ɗinmu. Ba ma buƙatar jaka mai tambari ko kuɗin zama. A kawo kayan aiki mu taɓa da hannunmu.

Na ƙarshe, a amsa takarda. Ko da a'a ce.

Mun gyara sautin fim ɗin gwargwadon iyawarmu, mun rage tsawon fassarar. Wani mai shagon hayar kayan biki ya yi mana alkawarin aron majigi na yini ɗaya, liman kuma ya ce zai zo ya gani da idonsa. Baba magini ya ce in za a yi a yi kafin damina ta sauka, don da ruwan farko zai koma gona a ƙauyensu sai kaka. Ranar Litinin mai zuwa da ƙarfe goma za mu sake kawo kwafin wannan wasiƙa ofishin da muka kai na baya, tare da fim ɗin a filash, ko akwai wanda zai so ya kalla.

Allah ya ja zamaninku, ya yi muku jagora.

Naku,
Ɗaya daga cikin matasa biyar masu koyon shirya fim,
Ƙofar Marusa, Katsina.